Zangon Ƙarshe na Saƙo: Daga Gaɓar Legas Zuwa Bayan Ƙofar Ofis a Kano

Duk wanda yake son ya fahimci yadda intanet yake isa ofishin ɗan kasuwa a Kano, daga bakin teku ya kamata ya faro tafiyarsa. A gaɓar Legas ne manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suke fitowa tudu: SAT-3 da ta fara aiki tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 da suka zo a 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022. Mai yawo a bakin ruwan Lekki ba abin da zai gani sai rairayi da igiyar ruwa, domin wayoyin a binne suke, gine-ginen da suke shiga kuma ba su da wani abin a-zo-a-gani. Sai ranar da suka tsinke ake tunawa da su, kamar ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, bankuna suka wuni suna ba abokan hulɗarsu haƙuri. Irin wannan rana ce ta koya wa mutane ɗora alhakin kowace tangarɗa a kan "netwok", wani abu mai nisa da babu hannunsu a ciki. Abin da nake son in tabbatar a wannan tafiya shi ne, saƙon da ya ƙetare teku lafiya, ya ratsa ƙasa fiye da kilomita 1,000, sau da yawa a cikin mita 100 na ƙarshe yake faɗuwa, a cikin ginin mai kasuwancin kansa, a wani ɗan akwati mai ƙyaftun fitilu da aka rataye a bayan ƙofa aka manta da shi. Sunan akwatin suwic. Zaɓin da aka yi ranar sayensa, mai saiti ne ko maras saiti, shi ke tantance ko mai wurin yana da iko da hanyar sadarwarsa ko kuwa zaman jiran tsammani yake yi.

Zangon farko bayan teku shi ne cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006. Kafin kafuwarta, saƙon da ya tashi daga wani kamfanin sadarwa a Legas zuwa wani kamfanin da ke maƙwabtaka da shi yakan je Turai ko Amurka ya dawo, a biya kuɗin hanya da dala. Yanzu kamfanonin waya da bankuna da manyan kamfanonin ƙetare kowa ya jawo wayarsa wuri ɗaya suna miƙa wa juna saƙo kai tsaye, cibiyar kuma ta buɗe rassa a Abuja, Fatakwal, Inugu da Kano. Abin da ke tsakiyar wannan cibiya suwic ne, babba mai tsada, amma aikinsa na asali bai bambanta da na ɗan ƙaramin da ke ƙarƙashin teburin akanta ba. Kowace na'ura tana da lambar shaida da aka buga mata tun daga masana'anta, wato adireshin MAC. Suwic yana lura da ƙofar da kowace lamba take shigowa ta cikinta, ya rubuta a jadawalinsa. Idan saƙo ya zo da sunan wannan lamba, sai ya tura shi ta wannan ƙofa kaɗai. Idan bai san inda mai lambar yake ba, ko saƙon shela ce ga kowa, sai ya watsa shi ta dukkan ƙofofi. Fasahar Ethernet da ake gudanar da wannan aiki a kanta Robert Metcalfe ne ya tsara ta a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, kamfanin Kalpana kuma ya fitar da suwic na farko kasuwa wajen 1990, kafin Cisco ya saye shi a 1994. Babu kamfanin da zai yarda ya haɗu da abokan gasarsa a kan akwatin da ba a iya ba shi umarni, domin dole a ƙayyade wa kowa abin da zai shigo da shi, a auna abin da ya wuce, a rufe ƙofar wanda na'urarsa ta rikice kafin ta ja sauran ƙasa. In an duba da kyau, otal ko asibiti ko makaranta ma taron masu buƙatu daban-daban ne a kan waya ɗaya.

Daga nan sai Ikeja, kasuwar Computer Village da ke kewayen titin Otigba, inda da yawa daga kayan sadarwar da ake ɗaurawa a ofisoshin Arewa suke bi kafin a loda su a mota. Cunkoso ne da ƙugin janareta da samari masu tare baƙo suna tambayar me yake nema. A kanta ɗaya za ka ga akwati biyu, tsawonsu ɗaya, launinsu kusan ɗaya, kowanne da ƙofa 24, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Wanda aka aiko da ƙayyadajjen kuɗi ba ya daɗewa yana shawara, mai arahar yake ɗauka, kuma ba za a ga laifinsa ba tunda ido ba ya ganin bambancin. Bambancin a ciki yake. Maras saiti ana jona masa wuta, a jona waya, shi ke nan. Ba ya tambayar wanda ya shigo, ba ya ba da labarin abin da ya wuce, ba ya karɓar umarni. Mai saiti kuwa yana da 'yar kwamfuta a cikinsa da adireshi nasa na kansa, ana shiga cikinsa ta burauza ko ta rubuta masa umarni, a rufe wannan ƙofa, a raba waɗancan da sauran, a auna gudun kowacce, a fifita wani saƙo a kan wani. Akwai na manyan kamfanoni irin su Cisco, Huawei, Aruba da Juniper, akwai kuma masu sauƙin kuɗi na TP-Link, MikroTik da Ubiquiti waɗanda suka ishi ƙaramin ofis. A nan ma ake samun na hannu da aka kwance daga ofisoshin Turai, masu ƙarko amma da yawansu kamfani ya daina sabunta musu manhaja, ana kuma samun jabu. Ko kebul ɗin ma sai an kula, domin akwai wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ba ya jure nisa kuma yana ɗaukar zafi idan aka bi da wuta ta cikinsa.

Hanyar Arewa ta Ibadan take bi, ta wuce Akure da Owo da Okene ta gangara Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa. A gefen titi, ƙarƙashin ƙasa, wayar faiba tana tafiya tare da mota, kuma babban abokin gabarta shi ne katafilar masu gyaran hanya. Wannan matsala ce ta gaske, amma ta kamfanonin sadarwa ce da gwamnati, mai otal a Lakwaja ba shi da ta cewa a cikinta. Abin da yake da ta cewa a ciki shi ne gininsa. Duk otal mai matsakaicin girma a kan wannan hanya yau yana da aƙalla iri huɗu na masu amfani da waya ɗaya: baƙi da ke neman Wi-Fi a ɗakunansu, kwamfutar karɓar baƙi da ta akanta, na'urorin POS, da kyamarorin tsaro tare da akwatin da ke naɗar hotunansu. Idan suwic ɗin maras saiti ne, duk waɗannan a fili ɗaya suke, wanda ya kama ɗaki na dare ɗaya kwamfutarsa tana iya ganin ta akanta, tana iya ƙwanƙwasa akwatin kyamara, wanda sau da yawa kalmar sirrinsa ita ce wadda ya zo da ita daga masana'anta. Maginin gidan Bahaushe ya daɗe da warware irin wannan matsala: baƙo a zaure yake tsayawa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, amma ba ya ganin cikin gida, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi. Abin da VLAN yake yi ke nan. Ƙa'idar IEEE 802.1Q, wadda ta fito a 1998, tana liƙa wa kowane ƙunshin saƙo 'yar alama mai nuna rukunin da yake ciki, ana iya yin rukuni har 4,094, kuma suwic ba zai bar saƙon wani rukuni ya tsallaka zuwa wani ba sai ta wurin rauta ko katangar tsaro da aka gindaya mata sharuɗɗa. Akwati ɗaya ne, waya ɗaya ce, amma baƙi suna nasu ɓangare, kuɗi suna nasu, kyamarori suna nasu.

Wani zai ce wannan tsoro ne na masu sayar da kaya, wa zai ɓata lokacinsa yana kutse a otal ɗin bakin hanya? Amsar tana cikin abin da ya riga ya faru ga waɗanda suka fi otal ƙarfi. A watan Fabrairu na 2016 ɓarayi suka kutsa cikin kwamfutocin babban bankin Bangaladash, suka aika umarnin fitar da kusan dala biliyan 1 daga asusunsa da ke New York, dala miliyan 81 suka fice zuwa Filifin. Bayan wata biyu kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito wani jami'in binciken 'yan sandan ƙasar yana bayanin cewa bankin ba shi da katangar tsaro, kuma suwic ɗin da ya haɗa kwamfutocinsa na hannu ne na dala 10, alhali da mai saiti aka sa da an iya keɓe ɗakin aika kuɗi daga sauran ginin. A 2013 kuma an sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, kuma ɓarayin da shaidar shiga ta wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki suka fara, daga nan suka lallaɓa har na'urorin karɓar kuɗi. Batun wa zai kula da ƙaramin wuri kuwa, manhajar Mirai ta amsa shi a 2016: ba ta zaɓen mai kuɗi ko talaka, zagaya intanet kawai take yi tana gwada kalmomin sirri na masana'anta a kan kyamarori da akwatunan naɗar hoto, duk wanda ya buɗe ta shige. Rabewa ba ta hana ɓarawo shiga, wannan gaskiya ne. Abin da take yi shi ne tsare shi a ɗakin da ya faɗo, kuma tsakanin asarar kyamara ɗaya da asarar littafin kuɗi akwai tazara mai yawa.

A Abuja, bayan an haye gadar Murtala Muhammed an wuce Abaji da Gwagwalada, matsalar takan sauya kama. Ofisoshin Wuse da Garki da Maitama cike suke da ramukan jona waya a bango, a ɗakin taro, a wurin jiran baƙi, har a lungun da ba kowa. Kowane rami ƙofa ce zuwa cikin ma'aikata. Suwic mai saiti yana iya kashe duk ƙofar da ba a amfani da ita, yana iya ɗaure ƙofa da na'ura ɗaya tak, kuma da ƙa'idar 802.1X ta 2001 yana iya hana kowace kwamfuta wucewa sai ta gabatar da shaidarta an tantance. Amma a ganina ɓarnar da ta fi yawa a ofisoshi ba ta mugu ba ce, ta mai kyakkyawar niyya ce. Ma'aikaci ya ga Wi-Fi ba ya isa kujerarsa, sai ya sayo 'yar rauta ya jona a bango. Rautar nan an ƙera ta ne ta riƙa raba wa na'urori adireshi, don haka sai ta shiga rabawa tana gasa da sabar ofis, rabin kwamfutoci su karɓi adireshin da ba ya kai su ko'ina. Ma'aikata su ce netwok ya ɗauke, a kira kamfanin intanet a yi musu faɗa, su duba su ce layinsu lafiya lau. Suwic mai saiti yana da tsarin da ake nuna masa ƙofa ɗaya da aka amince ta raba adireshi, duk wata ƙofa da ta gwada sai ya toshe ta ya rubuta lambarta. Ga kuma doka: tun watan Yuni na 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su da matakan da suka dace. Asibiti ko makarantar da ba ta iya faɗin wace na'ura ce ta shiga hanyar sadarwarta jiya da dare, da wuya ta iya nuna ta sauke wannan nauyi.

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa, wanda ya fara jigila a 2016, yana sauke mutum a Kaduna, daga nan mota ta kai shi Zariya. A waɗannan garuruwan makarantu ne ake ganin wurin da suwic yake riƙe da makomar yara a zahiri. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma cibiyar jarrabawa zaure ne mai kwamfuta wajen 250, kowacce da wayarta, duk suna komawa ga saba ɗaya ta cikin jerin suwic. A irin wannan zaure kuskure ɗaya ya isa: wani ya ga waya tana lilo, ya ɗauka ta fita ne, ya mayar da bakinta cikin suwic ɗin da ɗaya bakin yake. An yi zobe ke nan. Saƙon shela a Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, don haka zai yi ta zagaya zoben yana ninkuwa har ya cinye hanyar gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi, fitilu su yi ta ƙyaftu tare, allon kowane ɗalibi ya tsaya cik. Maganin wannan Radia Perlman ce ta ƙirƙiro shi a 1985 tana aiki a kamfanin DEC: suwic-suwic su riƙa gaisawa da juna, su gano duk inda hanya ta zagayo, su rufe ɗaya su ajiye ta. Tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya daidaita, wanda aka inganta a 2001 kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi yake gamawa. Alherinsa biyu ne, domin hanyar da aka ajiye ita ce za ta buɗe da kanta ranar da ɓera ya ci ta farkon. Da wannan ne injiniya yake iya jan waya biyu da gangan tsakanin bene da bene, har ya haɗe su su yi aiki tare da ƙa'idar 802.3ad, abin da a kan akwati maras saiti daidai yake da kunna wa kai wuta.

A nan ne ya kamata a saurari suka mafi nauyi, kuma ba na son in rage mata ƙarfi. Suwic mai saiti ma yana kayar da hanyar sadarwa, wani lokaci fiye da maras saitin. A watan Nuwamba na 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya yi kusan kwana huɗu ya koma takarda da biro, ana kai sakamakon gwaji da ƙafa, alhali kayansa masu tsada ne kuma masu saiti. Abin da ya faru shi ne an yi shekaru ana ƙara suwic a kan suwic ba tare da tsari ba, har faɗin hanyar ya wuce iyakar da tsarin Perlman yake iya riƙewa, ranar da wani mai bincike ya turo bayanai masu yawa sai komai ya rushe. Shugaban sashen fasahar asibitin, John Halamka, bai ɓoye labarin ba, ya bayyana shi don wasu su koya. Wanda ya kawo wannan misali ya ce gara akwatin da ba a iya taɓa cikinsa, tunda ba a iya ɓata shi, yana da hujja. Sai dai a lura da yadda aka warke: injiniyoyi sun bi suwic ɗaya bayan ɗaya suna karanta abin da kowanne yake gani, har suka gano inda zoben yake, suka sake fasalin hanyar suka yanka ta gida-gida. Da a ce akwatunan ba sa magana, da ba abin yi sai zare waya ɗaya-ɗaya a ginin da ke cike da majinyata. Darasin Boston shi ne kayan aiki ba ya maye gurbin tsari da rubutu da mai kula. Bai nuna cewa rashin gani ya fi gani ba.

Kano ce ƙarshen tafiya, kuma a nan hujjar ta fi ƙarfi, ko da yake a nan ne aka fi jin cewa irin wannan kaya na manyan kamfanonin Legas ne. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau ciniki ya koma kan taransifa da POS, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. A Bompai da Sharaɗa da Challawa masana'antu suna da ma'auni da kyamarori da ofishin kuɗi a gine-gine daban-daban cikin fili ɗaya. Layin intanet kuwa da tsada yake zuwa, ya kuma ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Inda abu yake da yawa ana iya barin kowa ya ɗiba yadda ya so. Inda yake kaɗan dole a yi rabo. Murya ba ta jure jinkiri, ƙa'idar ƙungiyar sadarwa ta duniya ta nuna idan jinkirin ya haura kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa hira takan fara lalacewa, alhali mai sauke bidiyo ba abin da zai rasa in ya jira. Suwic mai saiti yana da matakan fifiko 8, yana iya sa muryar waya da saƙon kuɗi a gaba, ya kuma ƙayyade wa ƙofar baƙi iyakar abin da za ta ja. Gaskiya ce cewa ikonsa a bakin ginin yake tsayawa, rabon layin waje aikin rauta ne, amma rauta ba ta iya rabon adalci sai an kawo mata saƙonni a rarrabe da alamarsu. Abin da ya fi wannan duka a wurina shi ne gani. Da tsarin SNMP, wanda yake nan tun 1988, suwic yana ba da rahoton kowace ƙofa: nawa ta ɗauka, kuskure nawa ta yi, yaushe ta mutu ta dawo. A watan Agusta na 2007 katin sadarwa ɗaya da ya lalace a cikin kwamfuta ɗaya ya tsayar da aikin kwastan a filin jirgin saman Los Angeles, fasinjoji fiye da 17,000 suka maƙale na sa'o'i. Na'ura ɗaya mai surutu tana iya yin haka a ko'ina, kuma mai suwic mai saiti yana iya gano ta daga kujerarsa ya rufe mata ƙofa.

Sai batun wuta, wanda duk mai sana'a a Arewa ya san shi fiye da kowane injiniya. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 ta ba suwic damar tura wuta ta cikin kebul ɗin sadarwa har wat 15.4 a kowace ƙofa, aka ɗaga zuwa 30 a 2009, aka kai 90 a 2018. Ma'anar wannan ga mai masana'anta ita ce kyamarori da na'urorin Wi-Fi da wayoyin tebur duk daga wuri ɗaya suke shan wuta, don haka inbata ɗaya da batiran sola a ɗakin suwic sun isa su riƙe su lokacin da Nepa ta ɗauke kafin janareta ya tashi. Akwai maras saiti mai ba da wuta, amma mai saiti ne yake nuna nawa kowace ƙofa take sha, a tsara masa wadda zai fara kashewa idan wuta ta yi kaɗan, a kashe Wi-Fi na ofis da dare don batir ya kai kyamarar bakin ƙofa asuba. Kyamarar da ta sandare a saman katanga ba sai an nemo tsani ba, a kashe ƙofarta a kunna daga waya. Amma yanayin garin yana da nasa sharuɗɗa. Zafin Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar akwati, tsawar damina tana bin wayar jan ƙarfe da aka ja daga gini zuwa gini ta ƙone ƙofofi. Saboda haka tsakanin gine-gine faiba ya kamata a ja, tunda gilashi ba ya ɗaukar tsawa kuma ba a ɗaure shi da iyakar mita 100 ta wayar jan ƙarfe ba. Mai saiti kuma ya fi jinkirin tashi bayan ɗaukewar wuta, wasu ma idan ba a adana saitin ba sai su farka sun manta gyaran da aka yi musu. Wanda ba zai sayi inbata ba, bai gama sayen suwic ba.

Saura suka biyu da ake ji a kasuwannin Farm Center da titin Beirut. Ta farko ita ce duniya ta koma Wi-Fi da Starlink, waya ta zama tsohon yayi. Amma kowace na'urar Wi-Fi da ke manne a silin waya ce ta riƙe ta, wayar kuma a suwic ta ƙare. Sunan Wi-Fi na baƙi da na ma'aikata ba su rabu da gaske ba sai suwic ɗin da ke bayansu ya san VLAN. Ta biyu ita ce kuɗi, kuma a nan zan yarda da rabinta. Mai shago ɗaya da kwamfuta biyu da firinta ba ya buƙatar suwic mai saiti, wanda ya tilasta masa saye ya cuce shi. Ma'aunin ba yawan kwamfutoci ba ne, tambayoyi ne guda uku: akwai baƙi a kan wayar da kuɗi suke bi? Akwai suwic fiye da ɗaya a ginin? Tsayawar aiki na wuni ɗaya ta fi kuɗin akwatin? Duk wanda ya amsa e ga ɗaya daga ciki, araha ba za ta yi masa ado ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake miƙa aiki. Sau da yawa ana sayen mai saitin, a biya kuɗinsa cif, a ɗaura shi yadda ya fito daga kwali, duk ƙofofi a rukuni ɗaya, kalmar sirri ta masana'anta, wato an sayi mai saiti ana amfani da shi a matsayin maras saiti, an kuma ƙara wa ɓarawo wata ƙofar. Ko kuma mai ɗaurawa ya saita shi da kyau amma ya riƙe kalmar sirrin a kansa, ranar da ya koma Abuja ko aka saɓa da shi mai wurin ya zama baƙo a cikin kayansa. Alhaji mai otal ko shugabar makaranta ba sai sun iya rubuta umarni ba, amma haƙƙinsu ne kafin su biya cikon kuɗi su karɓi abubuwa a rubuce: zanen da ke nuna wace waya ta je ina, jerin rukunoni da ƙofofin kowanne, kwafin saitin a ajiye a wani wuri daban, da kalmar sirri a cikin ambulan da aka liƙe. Su sa a gwada a gabansu, a jona kwamfuta a ɓangaren baƙi a nemi ta akanta a ga ba ta samu ba, a kashe wuta a kunna a ga saitin yana nan. Matasan da za su iya wannan aiki suna nan, jami'o'i da kwalejojin kimiyya na Kano da Zariya da Kaduna suna yaye su kowace shekara, da yawansu sun yi kwasa-kwasan Cisco da Huawei. Abin da ya rage shi ne masu kasuwanci su ware musu kuɗin kulawa na wata-wata a cikin kasafi, kamar yadda suke ware na mai gyaran janareta, su daina kiransu sai ranar da komai ya tsaya.